Gurmin Baba Sodangi da 'Ya'yan Mai Kaset

To, tun da ruwan nan ya ƙi tsagaitawa, ba mai zuwa ko'ina. Ku matso cikin rumfa, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba wani alƙali sai ku. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya wanke fuska tun yanzu, don a ƙarshe sai kowa ya faɗi nasa.

A Haɗeja an yi wani mutum da ake kira Alhaji Shitu Mai Kaset. Zamanin da kaset ke tashe, duk mawaƙin da ya fito daga ƙauyukan bakin kogi a shagonsa yake sauka, a ɗauki muryarsa, a buga, a kai kasuwa. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ya bar 'ya'ya uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Suka mayar da shagon situdiyo irin na zamani. Suka lulluɓe bango da soso, suka sayo kwamfuta, suka sa mata manhajar ɗaukar sauti da haɗa shi.

Babbansu Tanimu mutumin hannu ne. Igiyar makirfo ta tsinke, lasifika ta fara tari, shi ake kira. Autarsu Hindatu, wadda ko bayan aurenta ba ta daina zuwa shagon ba, Allah ya ba ta kunne. Tana iya jin tsarkiyar da ta saki a cikin kiɗan mutum goma. Na tsakiya kuwa, Mudansir, ana ce masa Mudi, shi ya san cikin kwamfuta kamar yadda mahauci ya san cikin akuya.

Mudi ya daɗe da wani ciwo a ƙirjinsa wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutanen gari "situdiyon Tanimu" suke cewa. Mawaƙi in ya zo ƙarshen waƙa, Tanimu yake ambata, ya yi masa kirari. In kuma za a haɗa sauti, sai ka ji mai waƙa yana cewa, "Don Allah a bar wa Hindatu, hannunta daban ne." Shi Mudi ba a tuna shi sai kwamfuta ta ƙi tashi, da ta tashi kuma an manta da shi. Yakan ce a ransa, kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Abin da bai sani ba shi ne, kowa da irin tasa. Tanimu yakan ji kamar an tsire shi duk lokacin da ƙannensa suka shiga zancen manhaja da ba ya ganewa sosai. Hindatu kuma ana yaba ta a ɗaki, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sa sunanta a waƙa ba, kuma tana ƙirga abin a zuci.

Ana nan sai wata mata mai suna Uwani ta zo da magana. Mahaifinta shi ne Baba Sodangi, tsohon makaɗin gurmi na wani gari da ake kira Bakin Marke. Garin nan ba shi yanzu. Shekaru da yawa da suka wuce kogi ya sauya hanya ya cinye shi, mutanensa suka watsu. Amma duk shekara bayan girbi sukan taru a kan tudun da ke kallon inda garin yake a da. Baba Sodangi yana da wata doguwar waƙa da ke bin garin lungu-lungu, rijiya-rijiya, tana kiran kowane gida da sunan mai shi. Ba wanda ya haddace ta sai shi. Ga shi yanzu wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro, likitoci sun ce sai an yi aiki a Kano, kuma sun gaya masa gaskiya: ko ya tashi, da wuya murya ta dawo. Don haka Uwani take so a ɗauki waƙar kafin a yi aikin.

Suka sa rana. Da safiyar ranar tafiya asibiti aka kawo tsohon, mota na jiransa a ƙofar shago. Ya sha ruwan ɗumi da zuma, ya zauna a kan tabarma, ya rungumi gurminsa, ya dubi 'yan'uwan nan uku ya ce, "'Ya'yana, abin da ya rage mini a wuya bai fi na zama ɗaya ba. In na fara, ba maimaici. Wanda ya kai wannan waƙa kunnen mutanena, wannan gurmi nasa ne. Na kakana ne, kuma ba ni da magaji a kiɗa."

Mudi ya ga yadda idon yayansa ya sauka a kan gurmin, ya ga Hindatu ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ya san duk ƙasar bakin kogi, wanda aka ce Sodangi ya bar wa gurmi, sunansa ya zauna ke nan.

Nan matsala ta farko ta kunno kai. Aka buɗe manhaja, aka ce tsoho ya taɓa tsarkiya a gwada. Shiru. Layin da ya kamata ya yi tsalle a allon kwamfuta yana kwance kamar matacce. Manhajar ta ƙi ganin sawunkad, wato ɗan akwatin nan da ke karɓar sauti daga makirfo ya miƙa wa kwamfuta. Mudi ya san daga inda matsalar take, don jiya da yamma shi ya sabunta manhajar ba tare da ya yi shawara da kowa ba, yana son a ga sabon abu daga hannunsa. Ya hau danne-danne, gumi na zuba, kansa ya ɗaure. Direban mota ya fara matsa oda. Tsoho ya yi tari, Uwani ta ce, "Malam Tanimu, in maƙogwaronsa ya huce, shi ke nan fa."

Tanimu ya janye ƙanensa daga kujera ba tare da ya dube shi ba. Shi bai san dogon turanci ba, amma ya san kayansa. Ya zare igiyar sawunkad ya sauya mata rami. Ya ciro wani tsohon fulash daga aljihu, ya mayar da tsohon shirin da ke sa kwamfuta ta gane akwatin, ya shiga saitin manhajar ya zaɓe shi da hannunsa. Layi ya motsa. Amma da ya sa abin kunne sai ya ji sautin yana ƙaras-ƙaras kamar ana tauna aya. Ya gane kwamfutar ce ke haɗiyar sauti da gaggawa har tana ƙwarewa, sai ya faɗaɗa mata ma'ajiyar da take tara sautin kafin ta rubuta shi, ya rufe duk wani shirin da ke cin ƙarfinta. Ƙarar ta ɗauke. Ya kafa wa gurmi makirfo ɗaya, ya jera biyu a bakin tsoho don ko ɗaya ta ba da kunya. Igiyar ɗayar ta ƙi aiki, nan take ya fere ta da haƙori ya liƙe ta da dalma. Sannan ya ce, "Bismillah, Baba."

Tsoho ya waƙe garinsa daga ƙofar gabas har maƙabarta. Duk inda ya ɗaga murya har jar fitila ta nemi kamawa, hannun Tanimu na kan maɓalli yana sassautawa don kada sautin ya fashe. Da ya kai baitin ƙarshe muryar ta dushe kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Aka ɗauke shi zuwa mota. Uwani ta riƙe hannun rigar Tanimu tana sa masa albarka. Mudi yana tsaye a bayan ƙofa, yana jin kowace albarka kamar ana ɗiga masa ruwan zafi. Ba don Tanimu ba, da ba a ɗauki ko kalma ɗaya ba.

Ga ta biyu. Washegari Hindatu ta riga kowa zuwa shago. So take ta fara haɗa sautin ita kaɗai, kafin yayyenta su zo su tsaya mata a ka, don in an tashi rabon yabo a san inda aka nufa. Tana tsakiyar adana aikin aka ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe kwamfuta ya daɗe da mutuwa, ana ta cewa za a sauya. Da wuta ta dawo, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Manhaja ta ce ya lalace. Aka leƙa inda sautukan suke, wayam. Kuma Tanimu, cikin ruɗun jiya, bai kwafi aikin a ko'ina ba. Kafin azahar labari ya zo daga Kano cewa an yi aiki, tsoho ya farfaɗo, amma murya ta tafi.

Tanimu ya hau faɗa, Hindatu ta haɗa kai da gwiwa. Mudi ya ji tsoro kamar kowa, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan sanyi da ya ji kunyar sa. Ya ce a ransa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A fili kuwa cewa ya yi, "Kada wanda ya sake taɓa kwamfutar nan. Duk abin da aka rubuta a kanta yanzu, a kan muryar Baba zai hau."

Ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyarta, ya haɗa da tasa ƙaramar kwamfutar, ya sa shirin tono abin da ya ɓata. Abin da ya fito ba waƙa ba ce, tarkace ne, gutsattsarin sauti birjik marasa suna. Ga waƙar biki, ga tallan maganin basir, ga karatun 'yan Islamiyya, duk a cakuɗe. Kwana da kwanaki Mudi yana zaune da abin kunne, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har kunnuwansa suka yi tsami. In ya ji gurmi ya ware gefe. Ya tono wani kwafin aikin da manhajar kan adana da kanta a ɓoye, ya nuna mata inda kowane guntu yake, ya jera su bisa lokacin da aka ɗauke su. Da ya kunna, sai ga Baba Sodangi yana waƙa da sauri da siririyar murya kamar ta yarinya. Da wani ne, da ya ce aikin ya lalace. Shi ya gane ma'aunin da aka ɗauki sautin da shi daban, wanda ake karanta shi da shi yanzu daban. Ya daidaita su. Muryar tsoho ta sauko ta zauna a mazauninta, daga ƙofar gabas har maƙabarta, ba abin da ya yi ciwon kai.

Da hantsi ya gama. Amma bai faɗa ba. Ya zauna da abin kunne a kansa kamar mai ci gaba da nema, yana kallon yayansa na safa da marwa, yana jin Hindatu na jan hanci a kusurwa. Sau biyu ta zo ta tsuguna kusa da shi ta ce, "Yaya Mudi, akwai alama?" Ya ce, "Sai dai addu'a." Yana son su ɗanɗana, ko na yini ɗaya, yadda shagon zai kasance in ba shi.

Bayan la'asar Uwani ta yi sallama, idonta jawur. Baba Sodangi ya cika a asibiti, har an kai shi makwancinsa. Ta ce ba abin da ya rage mata sai waƙar nan, ko za a ɗan sa mata ta ji. Tanimu ya cire hula, ya share goshi, ya buɗe baki zai gaya mata abin da ya faru. Sai a lokacin Mudi ya zare abin kunne ya danna maɓalli. Gurmi ya cika ɗakin. Uwani ta zube a kan tabarmar da ubanta ya zauna tana kuka. Tanimu ya juyo ya dubi ƙanensa, ya daɗe yana dubansa, ya ce a hankali, "Tun yaushe?" Ba don Mudi ba, da abin da aka ɗauka ya bi iska.

Saura ta uku. Tanimu da Mudi, ko don su huce haushinsu a kan Hindatu, suka ce ba ta sake taɓa aikin. Su biyu suka haɗa sautin. Makirfo biyun nan na baki, suka tura ɗaya kunnen dama, ɗaya kunnen hagu. A abin kunne da manyan lasifikun situdiyo, muryar ta fito da faɗi kamar tsohon yana zaune a tsakiyar kanka. Suka ce aiki ya yi. Suka zuba a fulash, ana jibi taro.

Hindatu ta ce, "Yaya Tanimu, da wace lasifika za a sa ta a kan tudun?"

Ya ce, "Da mai baki ɗaya irin ta masallaci mana. Ina ruwanki?"

Ta ce, "A ba ni in ji ta a rediyon Babanmu tukuna."

Wata 'yar tsohuwar rediyo ce mai lasifika ɗaya da mahaifinsu ya bari, wadda Hindatu ba ta sallamar waƙa sai ta ji ta a cikinta, don ta ce talaka ba da kayan situdiyo yake sauraro ba. Mudi ya yi tsaki, amma ya miƙa mata. Ta haɗa, ta kunna. Gurmi ya fito tangaran. Murya kuwa babu. Sai wani ɗan amo can ƙasa, kamar mutum na magana daga cikin rijiya.

Tanimu ya ce ai ga irin ta nan, tonon da Mudi ya yi ne ya bar rami a aikin. Mudi ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe yana ci masa rai ya taso masa, ya ce ba don shi ba da wace waƙar ake zance. Suna cikin haka Hindatu ta zauna a kujera ba wanda ya ba ta izini. Ta saurari makirfo ta farko ita kaɗai, murya lafiya. Ta saurari ta biyu ita kaɗai, lafiya. Ta haɗa su a lasifika ɗaya, suka haɗiye juna. Ta buɗe zanen sautin a allo, ta ƙara masa girma har ya zama kamar igiyar ruwa, ta ce, "Ku zo ku gani." Duk inda zanen farko ya hau, na biyu ya sauka daidai wa daida. Igiyar da Tanimu ya liƙe da gaggawa ran ɗauka, ya juya wayoyinta. Makirfo biyun sun zama kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ƙofa kuwa ba ta motsi. Ta danna maɓallin da ke juya ɗayar. Muryar Baba Sodangi ta fito daga 'yar rediyon nan kamar ya shigo da ƙafarsa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta bi waƙar baiti-baiti, ta rage kaifin gurmi inda yake danne sunayen mutane, ta ɗago muryar a ƙarshe inda ta dushe, har sunan gida na ƙarshe ya fito sarai. Mudi yana kallon yatsunta, yana jin daɗin abin da kunnensa ke ji, yana kuma jin zafin cewa shi ya kwana da waƙar nan fiye da kowa amma bai ji abin da ta ji ba. Ba don Hindatu ba, da mutanen Bakin Marke sun taru sun saurari gurmi ba mai waƙa.

Ranar taro aka ɗaura lasifika a jikin wata tsamiya a kan tudu. Tsofaffi suka zazzauna suna fuskantar ruwa. Da muryar ta fara kiran gidaje, sai ka ga tsohuwa ta ɗaga hannu an ambaci ƙofar ubanta, ka ga dattijo ya kama jikansa yana nuna masa wani wuri a tsakiyar kogi yana cewa nan ne, nan ne rijiyarmu. Wasu suka yi guɗa, wasu suka rufe fuska da rawani. Haka aka yi ta yi har waƙar ta ƙare.

Sannan Uwani ta taso da gurmin a naɗe cikin farin saƙi, ta tsaya gaban 'yan'uwan nan uku a idon jama'a. Ta ce, "Kun ji wasiyyar Baba da kunnenku. Mutum ɗaya ya ce. Gurmi kuwa ba goro ba ne balle in fasa. Ku gaya mini wanda zan miƙa wa."

Tanimu ya ce shi ya buɗe ƙofar da muryar ta shiga, a lokacin da ba a da damar sake kira. Hindatu ta ce ita ta buɗe ƙofar da ta fita, kuma kunnen mutane tsoho ya ambata, ba cikin kwamfuta ba. Mudi ya ce tsakanin ƙofar shiga da ta fita muryar ta mutu, shi ya tono ta. Daga nan sai tonon silili. Aka tuna wa Mudi wanda ya sabunta manhaja ba shawara, da wanda ya zauna a kan labari mai daɗi yini guda yana kallon ƙanwarsa na kuka. Aka tuna wa Hindatu wadda ta yi riga-malam-masallaci har aikin ya rushe a hannunta. Aka tuna wa Tanimu wanda ya juya waya, ya kuma kwana bai kwafi aiki ba. Kowannensu ya gyara ɓarnar ɗan'uwansa, kowannensu kuma ya bar tasa ɓarnar wani ya gyara.

Mudi ya dubi yayansa, ya dubi ƙanwarsa, ya ga abin da ke cin sa shi ne ke kwance a idon kowannensu. Ya so a ce hakan ya sanyaya masa zuciya. Bai sanyaya ba. Har yanzu yana son gurmin, kuma ya fi son kada ɗayansu ya samu fiye da yadda yake son ya samu shi kansa.

Uwani na nan tsaye, hannuwanta sun fara gajiya, dattawan Bakin Marke kuma sun rabu uku, kowane ɓangare na ɗaga murya.

To, ga ku ga ta. Ban yarda wani ya ce mini a rataye shi a bangon shago ya zama na kowa ba, don mamaci ya yi magana, kuma mutum ɗaya ya ce. Wanda ya kama muryar, ko wanda ya tono ta, ko wadda ta sa aka ji ta: in kai ne Uwani, hannun wa za ka ɗora wa gurmin Baba Sodangi?